Tabar da Ke Cin Wuta Gefe Ɗaya

"Lafiya lau na wuni, sai dai takaici, tunda mijin da Allah ya haɗa ni da shi yau wata uku bai leƙo ya ga ko na mutu ba."

"Ai da kin mutu da tuni an aiko mini in zo kwasar gado. Ya ƙarfin jiki, amarya?"

"Wane gado? Kujerar lilo da kaji uku? Ɗayarsu ma ba ta ƙwai, gadonka ta yi wajen ci ba aiki. Hawo ka zauna, ka tsaya mini a rana kamar mai karɓar kuɗin wuta."

Yosvani ya jingina kekensa da ginshiƙin baranda ya hau. Ranar Lahadi ce da la'asar, garin San Luis ya yi tsit, kowa ya ci baƙin wake da shinkafa ya miƙe. Kakarsa Obdulia na kan kujerar lilonta, inda take kullum. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana naɗa taba a masana'antar Pinar del Río, irin tabar nan mai kauri da ake naɗawa da hannu daga zallan ganye, har yau kuma in tsoffin ma'aikata za su yabi hannun mutum sai su ce ya kusa na Obdulia. Shekara goma ke nan da idonta ya dushe, amma hancinta da yatsunta da bakinta, kai, musamman bakin, babu abin da ya taɓa su.

Shi kuwa ango ba ziyara ce kawai ta kawo shi ba, damuwa ce cike da cikinsa. Masana'antarsu za ta fitar da wata taba ta musamman, akwati ɗari biyar kacal, ana neman mutum shida da za su naɗa ta. An sa sunansa cikin masu gwaji. Sau biyu yana naɗawa, sau biyu Baldomero mai duba aiki yana kunnawa, wutar ta karkace gefe ɗaya, ya maido masa. Gobe Litinin ne gwaji na ƙarshe. Ya riga ya rantse a gaban abokan aikinsa, in ya sake faɗuwa zai ajiye aikin ya tafi Havana tuƙin tasi, don ba zai zauna ana nuna shi ana cewa jikan Obdulia ne ya kasa ba. Ya san tsohuwar za ta iya gano inda matsalar take. To amma wa zai buɗe baki ya ce mata ya kasa? Ai sai ta shekara tana yi masa waƙa.

"Me ka kawo mini?" in ji ta. "Kada ka ce gaisuwa, don ba a dafa ta."

"Sadakinki na kawo. Shekara ashirin da tara kina mitar ban biya ba, yau zan rufe miki baki."

Ya zaro karan tabar daga aljihun rigarsa, a naɗe cikin farin hankici, ya ɗora mata a tafin hannu. Ta jinjina shi.

"Kara ɗaya? Kakanka Casimiro da zai aure ni, ɗan maraƙi ya jawo har ƙofar gidanmu."

"Ai an ba ni labari, maraƙin aro ne, washegari mai shi ya zo ya kama abinsa."

"Ƙarya ake yi wa mamaci! Kwana huɗu ya yi a gidanmu."

"To wannan ya fi maraƙin Casimiro daraja. Ta musamman ce, tsohuwa. Akwati ɗari biyar za a yi a duk duniya, kowanne da lambarsa, in sun ƙare shi ke nan ko uban wa ya zo. Ganyen ciki shekara bakwai yana kwance. A ƙasashen Turai kuɗin kara ɗaya sai ya sayi ɗan alade."

"Wato mutum ya zauna da hankalinsa ya cinna wa alade wuta yana kallo. To, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ina zobenta? Amaryar attajirai babu zobe?"

"Ba a gama buga zoben takardar da ake sa wa taba ba. Na zinariya ne, har biyu za a sa mata."

"Wa ya naɗa?"

Yosvani ya kau da kai wajen kaji, sai ka ce tana ganinsa.

"Wani abokin aikinmu ne. Gwani. Ba ki san shi ba."

"Gwani, kuma ban san shi ba. Madalla. Je ka ɗora mana kofi, mai ƙarfi, ba irin wankin kofin da ka saba ba ni ba."

Kafin ya dawo da ƙananan kofuna biyu, ta riga ta fara aikinta. Ta bi karan da yatsu daga kai har gindi, tana matsawa a hankali, ta kai shi kusa da kunne ta murza, sannan ta shinshina gindinsa ta daɗe. Yosvani ya ajiye mata nata kofin yana kallon fuskarta kamar mai jiran hukuncin alƙali.

"Rigar ta yi kyau," ta ce, tana nufin ganyen da aka lulluɓe karan da shi. "Santsi, ga maiƙo, ba jijiya ko ɗaya da ta taso. Wannan ganyen inuwa ne, ƙarƙashin yadi ya girma, kuma in ba ƙarya hancina ke yi ba daga gonakin bakin rafi ya fito. Kan ma an rufe shi tsaf. Abokin naka ya iya sa wa mutum kaya."

"Ba na faɗa miki ba? Gwani ne."

"Sannu, kada ka fashe. Ɗan maciji ma kyakkyawa ne. Kai ma in ka sa rigar coci kamar mutumin kirki."

Ta sa hannu a aljihun zaninta na gaba ta fito da wuƙar naɗinta, faffaɗan ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki wanda babu ƙota, ya sha wasa har ya sirance. Duk San Luis an san wuƙar nan, an kuma san ta ce da ita za a binne ta.

"Har yanzu kina yawo da ƙarfen nan? Ki ba ni in kai wa maƙeri ya yi miki cokali."

"Ranar da ka taɓa ta sai yatsunka sun zube. A cikin akwatin gawata za a sa ta, ko a can sama ana neman mai naɗi."

"Wa ya ce miki sama za ki?"

"To in ƙasa ne ai gara ma, ba sai na nemi ashana ba."

Ta yanke kan tabar tsaf, ta zuƙa ba wuta. Sannan ta sa ya kunna mata tsinken katakon akwati, ta gasa gindin tana juyawa har ya kama ko'ina, ta ja hayaƙin farko ta riƙe a baki, ta sake shi a hankali. Hayaƙi fari mai kauri ya cika barandar. Ko kajin sai da suka ɗaga kai.

"Faɗi gaskiya ko sau ɗaya a rayuwarki," in ji Yosvani.

"Gaskiya? To. Da farko akwai ɗan yaji a bayan hanci, kamar masoro, amma ba ya cizo, gaisuwa kawai yake yi. Bayansa sai koko irin na cakulan, mai ɗaci, ba na yara ba. Can ƙasa kuma akwai ƙamshin jar ƙasa in ruwan farko ya sauka." Ta sake zuƙa. "Ga wani ɗan zaƙi yana leƙowa, irin na ɓawon lemo da aka shanya. Kai! Wanda ya haɗa ganyen nan ya san Allah."

"Ta kai alade?"

"Ganyen ya kai alade har da igiyarsa. Naɗin ne ban sani ba tukuna. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa."

"Ke dai ba ki iya karɓar kyauta ba. Shi ya sa zan ƙaro aure, in samo yarinya mai haƙora."

"Ƙaro mana. Wace mai haƙoran za ta auri mai keken da ba birki? Ni ma don na riga na tsufa ne, ba mai karɓata."

"Ai ba ki tsufa ba, an ce ke kika naɗa wa Nuhu tabar da ya sha a jirgi."

"Na naɗa masa, kuma ya biya. Kai fa? Tun kana tsirara kake cin rogona, ko kwabo."

Yana dariya, amma idonsa na kan bakin wutar. Tokar ta tsaya fara tas, ta kai tsawon gaɓar yatsa ba ta faɗi ba. Sai zuciyarsa ta fara ba shi ƙarya, wai ƙila wannan karan ya tsira. Ina! Ba a jima ba baƙin zaren wutar ya fara karkacewa. Gefe ɗaya ya ruga gaba, ɗaya gefen ya tsaya, ganye ya yi tsini kamar bakin kwalekwale. Obdulia ba ta gani ba, amma ta ji a harshenta. Ta yamutsa fuska, ta kai yatsa kusa da wutar ta zagaya.

"Af! Ga shi nan. Amaryar attajirai gurguwa ce."

"Iska ce, barandarki kamar bakin teku."

"Iskar gidanku. Ko gashin kaina bai motsa ba. Ganyen saman shuka mai ƙarfi, wanda ba ya son wuta, wurinsa tsakiya ne, sauran su kewaye shi su ja shi. A nan ya zame ya kwanta gefe. Shi ya sa kokon ya gudu, ɗaci ya fito. A ce ganye ya yi shekara bakwai yana jiran ranarsa, sannan wani mai hannu kamar kofaton jaki ya zo ya ɓata masa ita! Wallahi da ina da ido da na hau mota na je na ja kunnen abokin nan naka."

"Ai yana iya ƙoƙarinsa," in ji Yosvani a sanyaye.

"Yana da mata?"

"Yana da wata tsohuwa mai baƙin baki."

"Allah sarki. Kuma gobe ne gwajinsa na ƙarshe, ko? In ya faɗi kuma zai tafi Havana ya bar tsohuwar da kaji?"

Yosvani ya dire kofinsa.

"Wa ya gaya miki?"

"Matar Baldomero a nan take sayen ƙwai. Ban da haka, tun da ka ɗora mini karan nan na san hannun gidanmu ne, yadda aka rufe kansa. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ranar wanka kake ɓoyon cibi, ɗan banza? Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai gwangwani da ganyen da maƙwabci ya ba ni. Ɗauko shi da allona."

Ya tafi ya ɗauko ba musu. Kunya ta rufe shi, amma wani sanyi ya sauka a ransa, don an sauke masa kayan da ya kwana biyu yana ɗauke da su shi kaɗai. Ya ɗora allon a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu, ya ware ganyen kashi uku kamar yadda aka saba: na ƙasa mai cin wuta, na tsakiya mai ƙamshi, na sama mai ƙarfi.

"Haɗa mai kauri irin waccan," ta ce. "Kada ka yi mini a hankali don ina nan, yi yadda kake yi a wurin aiki."

Ta jawo kujerarta, ta ɗora tafukanta a bayan hannuwansa. Ya ɗauki ganye ya naɗe, ya sa a hannun hagu, ya ƙara wani, ya ƙara wani. Yatsunta na bin nasa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗauko ganyen sama zai cusa, sai ta damƙe hannunsa na dama.

"Tsaya. Ina babban yatsanka?"

"Ga shi nan."

"Ina? Me yake yi a cikin tafin hannu, kwana yake?"

"Ai haka ake yi."

"In ji wa?"

"In ji ke mana! Haka kike yi. Tun ina shekara bakwai nake zama a gefenki ina kallo. Kina lanƙwashe shi ciki, ki yi aiki da sauran huɗun. A makarantar masana'anta malam ya yi ta faɗa in miƙe shi, na ce masa sirrin gidanmu ne, naɗin Obdulia ke nan. Da ya ji sunanki sai ya ƙyale ni. Har wasu yara biyu sun fara kwaikwayona."

Tsohuwa ta saki hannunsa ta koma jikin kujera. Can sai kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ashe kuma duka biyun ne.

"Wayyo ni Obdulia! Wayyo Casimiro, tashi ka ga jikanka! Kawo hannunka, taɓa nan."

Ta miƙa masa hannunta na dama. Ya kama babban yatsan ya gwada miƙe shi. Ƙam, kamar ƙusa. A gindinsa akwai wani ƙulli mai tauri da bai taɓa lura da shi ba.

"Katakon matse taba ne ya faɗo mini a kan yatsan, uwarka na goye a bayana. Ƙashin ya haɗe a karkace, tun ranar bai sake miƙewa ba. Wata shida ina kuka a ɓoye, ina tsoron a kore ni, har na koya wa ɗan yatsan tsakiya ya riƙa tura ganyen daga ƙasa, inda ba mai gani. Kai ka ga na sama, ba ka ga na ƙasa ba. Sirrin gida! Karaya ce ka gada, sakarai, karaya!"

Yosvani ya dubi nasa yatsan, lafiyayye, kwance a tafin hannu inda ya ajiye shi shekara da shekaru.

"To me ya sa ƙananan da nake naɗawa ba su taɓa karkacewa ba?"

"Siririya ai rabin ganye ne a cikinta, ba shi da wurin zamewa. Wannan mai kaurin ita ce ke neman yatsa biyar." Ta share ido da bakin zani. "Inda akuyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Da ɗingishi nake yi, da yanzu kana jan ƙafa a titi kana cewa tafiyar gidanku ce."

"Ai laifinki ne. Mace ta auri mutum ba ta gaya masa tana da aibi ba. A maido mini da sadakina."

"Na ƙona rabi. Miƙe yatsan nan, nawa ne ya karye ba naka ba. Sake."

Ya sake. Yatsan ya miƙe, da ya zo cusa ganyen sama sai ya koma ciki da kansa. Ta ɗalle shi. Ya sake, ta sake ɗallewa. A karo na biyar yana gumi, ya danna ganyen da babban yatsa, sai ya ji ya zauna a tsakiya daram, sauran suka rufe shi ta kowane gefe. Shi kansa ya ji bambancin a tafinsa kafin ta yi magana. Ta karɓi damin ta matsa shi daga sama har ƙasa, ta juya, ta sake matsawa. Ya jira zagi. Bai zo ba.

"Yi goma irinsa kafin rana ta faɗi," ta ce. "In yatsan ya koma ciki, cije shi."

"Ya yi ke nan?"

"Ban ce ya yi ba. Na ce dai ba zai kunyata alade ba."

Ta laluba kan teburin ta ɗauko wuƙar, ta goge ta da zaninta gaba da baya, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda wuƙa ke buƙata. Sannan ta kamo hannunsa na dama, ta buɗe shi, ta ɗora masa ita, ta miƙe masa babban yatsan ta kwantar a kan ƙarfen.

"Kaka, ai kin ce da ita za a binne ki."

"Au, yau na zama Kaka? Ina amaryar? Riƙe. Na ba ka abin da ya karye ban sani ba, bari in ba ka mai lafiya da sanina. Gobe ka ajiye ta a kan teburinka inda Baldomero zai gan ta. Havana kuma ta jira, tasi ba ta rasa direba ba."

Ya sunkuyar da kai, sannan ya kai hannu ga guntun tabar da ta mutu a bakin faranti.

"Bari in jefar da gurguwar nan, in na ci gwaji in kawo miki mai zobe biyu."

Ta buge masa hannu.

"Jefar da wa? Kai wa attajirai masu zoben su ƙona. Su akwati ɗari biyar za a yi musu, wannan kuwa guda ɗaya ce a duniya, kuma yatsana ne a cikinta. Kunna mini."

Ya kunna mata tsinken. Ta zuƙa, ɗacin ya sa ta yamutsa fuska, ta yi tari, ta fashe da dariya.

"Tir! Ba daɗi ko kaɗan. Na karɓi sadakin, ango. Zauna ka naɗa."